Ranar da Na Yi wa Jirgin Sama Dabaibayi

Shekarun baya, a shekarar da soja suka koma bariki aka danƙa mulki ga farar hula, na taɓa ɗaure jirgin sama da igiya. Har gobe akwai tsofaffi a Ƙofar Kaura da in na zo wucewa sai su ce, "A gaida mai jirgi." Yaran da ke bibiyata a shafin nan suna jin sunan ba su san mafarinsa ba, wasu ma sun ɗauka na taɓa aiki a filin jirgi. Ban taɓa ba. Ni mai sayar da igiya ne. Gara in ba ku labarin da bakina kafin wani ya ba ku shi da ƙari.

Rumfata na cikin kasuwa, ina sayar da igiyar guga, da dabaibayi, da ragama, da takunkumi. Karatuna bai wuce allo da firamare ba. Ina kuma da gona a bayan gari, kan hanyar da ta fita ta Ƙofar Kwaya, wadda na gada daga mahaifina. Amma abin da ya bar mani wanda ya fi gonar daraja a wurina shi ne irin gero. Gero ne mai gashi, zangarniyarsa doguwa, ko'ina a jikinta tsinin gashi ne. Tsuntsu in ya sauka zai ci, gashin ya tsone mashi ido, sai ya tashi ya nufi gonar maƙwabci. Furarsa kuwa fara tas, ga garɗi. Mahaifina ya ce shi ma a hannun nasa mahaifin ya same shi.

Shi, Allah ya jiƙansa, duk wanda ya roƙa yana ba shi. Sai dai mutane kan shuka shi a tsakiyar sauran gero, kafin ka ankara ya gauraye, gashin ya ɓace. Da gonar ta dawo hannuna sai na ce an gama wasa da shi. Na ware mashi wani zirin fili a gefe, wajen wani gawo, nesa da geron kowa, na kuma daina ba da ko ƙwaya. Ni a lokacin tattali nake kiran abin. Mahaifiyata kuma wani suna daban take kiransa da shi.

Akwai wani Bafulatani abokin cinikina, rugarsu na bayan gonata. Tsakaninmu wani faƙo ne shimfiɗaɗɗe, inda matansu ke shanya da shiƙa, yara na guje-guje da maruƙa. Ya sha roƙona irin nan.

"Kaɗo, ka sam mani ko cikin tafi ɗaya in jefa a makwancin shanu."

"Bafillace da noma? Ku da za ku shuka yau, gobe ku naɗe bukka? Ka dai sayi igiya."

Sai ya yi dariya ya ce, "To, Allah ya bar ka da abinka."

Daminar wannan shekara ta yi mana gardama. Ruwan farko ya sauka muka yi shuka, sai ya ɗauke, shuka ta ƙone. Da ya dawo na zazzage ɗan abin da ya rage a gindin tukunya na sake shukawa. Ke nan duk abin da ya saura a duniya na irin mahaifina yana tsaye a wannan zirin filin, ba ni da ko ƙwaya a gida. Allah ya taimaka ya yi kyau, ya fitar da kai, ya nuna, sauransa ya ɗan sha rana a yanke.

Ana haka sai tsuntsayen jan-baki suka sauka a ƙasarmu, garkensu in ya taso kamar hadari. Manoma suka koma kaɗa gwangwani daga safe har faɗuwar rana. Gwamnati ta ɗauko hayar wani ɗan ƙaramin jirgi ruwan ɗorawa, mai cin mutum ɗaya, yana tashi daga filin jirgi da la'asar ya je ya yi masu feshi a fadamar da suke kwana. Kullum ta saman gonakinmu yake bi. Ni ko a jikina, don gerona ya fi ƙarfin tsuntsu. Har dariya nake yi wa maƙwabta a zuci.

Ranar da abin ya faru ina gona bayan la'asar, na jingine kekena a jikin gawon, da ɗaurin igiyoyin da zan kai ruga a bayansa. Na ji ƙarar jirgin yana tahowa kamar kullum, ban ko ɗaga kai ba. Sai na ji ya yi tari. Wallahi tari, irin na tsohon da ya shaƙi hayaƙi. Ya yi shiru, ya sake kamawa, ya sake tari, baƙin hayaƙi ya fito ta gefensa. Daga nan sai tsit. Na ɗaga kai na ga farfelar gabansa na juyawa a hankali, a hankali, sannan ta tsaya cak.

Ban taɓa sanin shiru na da ban tsoro ba sai ranar. Ga jirgi a sama, ba ƙara, sai wani siririn fito na iska, yana gangarowa kamar shirwa ta hango ɗan tsako. Ya miƙe sak ya nufi faƙon nan. Ko ni da ban san komai ba na san nan ne wurin sauka, don ba rami, ba kututture, sumul yake. To amma a kan faƙon akwai matan ruga suna shiƙa, yara na kewaye da su. Ba wadda ta waiwaya, don ba abin da suka ji. Kafin in buɗe baki in yi ihu ya riga ya matso.

Saura kaɗan ya kai kansu sai na ga ya kwantar da fuffuke ɗaya, ya karkato, ya gogi rassan gawon, ya faɗa cikin gerona. Ya tafi yana sharar gero, kunyoyin gona na cilla shi sama. Ƙafarsa ɗaya ta karye, fuffuken hagu ya daki ƙasa ya tsage, hancinsa ya kafe, wutsiyar ta ɗaga kamar za ta kife sannan ta dawo. Ƙura ta turnuƙe. Sai warin maganin feshi.

Ni da Bafulatanin nan tare muka isa. Muka ɓalle murfin, muka jawo matuƙin, muka ja shi nesa don gudun kada wuta ta tashi. Wani siririn mutum ne, bai fi sa'an ƙanena ba, jini na bin goshinsa, ƙafarsa ta dama ta lanƙwashe a inda ba gaɓa. Da ya buɗe ido abin da ya fara faɗa, da wata Hausa mai ɗan nauyi, shi ne, "Yaran nan, ban taɓa su ba?"

Bafulatanin ya riƙe hannunsa ya ce, "Ko ɗaya. Ko ƙwarya ba ta fashe ba." Matansa ne da 'ya'yansa ke kan faƙon.

Ni kuwa a daidai lokacin na waiwaya na ga hanyar da jirgin ya shara a tsakiyar geron mahaifina, ga magani na tsiyaya yana bin ƙasa. Na duƙa kan mutumin nan da ke kwance da karyayyar ƙafa na ce mashi, "Malam, duk faɗin duniyar nan ba ka ga wurin sauka ba sai gonata?"

Ya dube ni ya ce, "Ka yi haƙuri." Ya rufe ido.

Na faɗi maganganu da yawa a rayuwata da nake fatan ƙasa ta shanye, amma wannan ita ke gaba.

Aka ɗora shi a amalanke zuwa bakin titi, mota ta wuce da shi asibiti. Kafin magariba ma'aikata suka zo suka haƙe inda maganin ya zuba suka binne, suka bar 'yan sanda biyu gadi. Na zagaya na duba. Abin da jirgin ya kwantar da wanda magani ya taɓa bai kai rabi ba. Fiye da rabin geron na nan tsaye lafiya lau. Ku riƙe wannan, don shi ne gishirin labarin.

A wancan lokacin duk majalisar da ka zauna, duk teburin mai shayin da ka tsaya, maganar ɗaya ce: soja sun tafi, yanzu talaka na da baki. Na sha wannan magana har ta yi mani yawa. Ga shi kuma mu manoma muna da al'ada: in saniya ta shiga gonarka ta yi ɓarna, ka kama ta ka ɗaure, ba a sakinta sai dattawa sun zo sun ga ɓarna, mai ita ya tsaya a gabansu an yanke abin da zai yi. Na kwana ina haɗa maganganun nan biyu. Da sassafe na zaɓo igiyar rama mafi kauri a cikin kayana, na je na ce wa 'yan sandan zan duba gonata. Na zagaya na ɗaure wutsiyar jirgin a jikin gawo. Da na ga igiya ta rage, sai na haɗa ƙafarsa mai lafiya da karyayyar na yi masu dabaibayi, irin wanda ake yi wa jaki. Jirgin da ko tura shi aka yi ba zai motsa ba.

Da hantsi sai ga babbar mota da makanikai, sun zo su kwance fukafukan su loda shi. Wani jami'i mai rigar safari ya sauko ya tsaya yana kallon igiyar.

"Malam, mene ne wannan?"

"Dabbar ɓarna ce, ranka ya daɗe. Na kama."

"Jirgin ne dabba?"

"Ya shiga gonata ko bai shiga ba? Ya yi ɓarna ko bai yi ba?"

Makanikan suka fashe da dariya, ɗaya har da riƙe ciki. Da a ce bara ne, da soja ɗaya ya sauko da bulala labarin ya ƙare a nan, da kuma ya yi mani gata. Amma sabuwar gwamnati ce, ga 'yan jarida na yawo, ba wanda ke son a ce a hannunsa aka daki manomi. Sai jami'in ya aika a kira mai unguwa.

Mai unguwa ya zo, ya saurare mu, ya shafa gemu. Ya ce, "A al'ada dai yana da gaskiya. Amma a al'ada sai mai dabba ya tsaya gaban dattawa. To wa ke da dabbar?"

Nan gizo ke saƙa. Jami'in ya ce su haya suka ɗauko, jirgin na wani kamfani ne a kudu. Aka ce to a jira mutumin kamfani. Kafin ya tafi ya jawo ni gefe ya ce zai sa a kawo mani irin gero na zamani daga ofishin gona, wanda zai ishe ni shuka gonar duka. Na ce ni irina nake so. Ya ce a ina ake sayar da shi? Na ce ba a sayarwa. Ya ce to me nake so a yi? Gaskiyar magana ni kaina ban san abin da nake nema ba, so nake dai wani ya tsaya gabana ya ji zafin da nake ji.

Da suka watse Bafulatanin ya matso ya ce, "Kaɗo, ka ji shawara. Ɗauko lauje mu yanke wanda ya rage yau ɗin nan, ya ƙarasa bushewa a gida. Ni da yarana za mu taya ka."

Na ce, "Kai da ka fi kowa sanin shari'ar ɓarna? Ana taɓa gona kafin dattawa su gani? In na yanke, mi zan nuna masu?"

"Za ka nuna masu jirgi. Bai isa shaida ba?"

Na ce ya bar ni, shi dama ɓangaren masu dabba yake.

To labari ya shiga gari cewa jirgi ya faɗo a bayan Ƙofar Kwaya, kuma wani ya yi mashi dabaibayi. Faɗowar ba ta ja mutane kamar dabaibayin ba. Washegari hanyar gonata ta koma kamar hanyar idi. 'Yan acaɓa suka buɗe sabon layi. Mai rake ya kafa baro, mai ƙosai ta kafa kasko, wani mai hoto ya zo yana ɗaukar samari suna dafa farfela kamar nasu. Har manya daga GRA suka riƙa zuwa a mota da iyalansu. 'Yan sandan nan jirgi aka ce su tsare, ba gero ba.

Ni kuwa ina? Na shimfiɗa tabarma a inuwar fuffuken hagu, wanda ya tsage, ina ba da labari. Duk ayarin da ya zo sai in faro daga tarin injin. Wani ɗan jarida ya kara mani rikoda a baki na yi bayani kan 'yancin talaka, har ina ɗaga yatsa. Ana ce mani "mai jirgi" ina amsawa. In na hango yara na karyar zangarniya za su gasa tumu sai in taso da gudu in kore su, kafin in dawo wasu sun shiga ta ɗaya gefen. Wanda bai karya ba ya taka. Wanda bai taka ba ya jingine babur. Kullum da yamma nakan ga geron ya ragu, sai in ce ai gobe mutumin kamfani zai zo, duk a lissafa a cikin ɓarna. Kamar lissafin zai tsiro.

Mutumin kamfani bai zo ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi taron da ya fi na kullum. Asabar da safe na zo na tarar da kara kawai, a kwance, an tattake shi da ƙasa kamar masussuka. Na bi layi-layi a duƙe ina tonon ƙasa da yatsa. Ɗan abin da ya zube, kurciyoyi da tururuwa sun riga ni. Ban samu zangarniya ɗaya mai ƙwaya ba.

Ba wanda ya sa ni. Da hannuna na kwance igiyar, na naɗe ta, na ce wa ɗan sandan ya gaya masu su zo su ɗauki kayansu. Bafulatanin na tsaye a bakin faƙo da sandarsa a wuya yana kallona. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

A gida na kwanta na juya wa ƙofa baya. Mahaifiyata ta shigo. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "kai".

"Kai, tashi ka ɗauki kwanon nan."

"Inna, ba ni jin yunwa."

"Wa ya ce naka ne? Na baƙon da ke asibiti ne. Ƙafafuna sun gaji da ɗauka, yau kai za ka riƙe."

Ashe tun ranar da aka kwantar da matuƙin, da ta ji ba shi da kowa a garin, kullum sai ta dama kunu ta yi tuwo ta kai mashi, matan ruga kuma na aiko da nono. Ni ina can ƙarƙashin fuffuke ina wa'azin 'yanci. Na fara cewa mutumin da ya kashe irin Baba, sai ta katse ni.

"Ubanka ya bar iri a hannun gari, kai ka mayar da shi hannu ɗaya. Abin da ke hannu ɗaya kuwa faɗuwa ɗaya yake jira. Sa takalminka."

Muka same shi an ɗaure ƙafar an rataye ta sama. Yana ganinmu ya washe baki.

"Inna, sannu da zuwa. A'a! Wannan ne ɗan naki mai ɗaure jirgi? Matso in gan ka da kyau. Ka san ko ni wane ne? Banufe ne ni, daga bakin Kwara. Ina aka taɓa jin bawa ya kama dabbar ubangidansa?"

Tsakaninmu Katsinawa da Nufawa wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na ce wa kowa bawansa, kuma ba a fushi. Na shigo da nauyin da ban san inda zan sauke shi ba, sai ga shi ya buɗe mani ƙofa. Ban san lokacin da bakina ya kama ba.

"Ai laifin wanda ya ba Banufe jirgin sama ne. Ku da aka sani da kwalekwale, wa ya aike ka? Ka hango gero na kaɗawa ka ɗauka kogi ne ka faɗa."

Ya yi dariya har ƙafar ta motsa ya cije baki. Ya ce, "An ce mani Katsinawa kunya gare ku ba dai tsoro ba. Rashin tsoron na gani, tunda ka tare gwamnati da igiyar rama. Kunyar ce na yi ta jira, sai a wurin Inna na same ta."

Wasa ne, amma ya shiga. Na zauna a bakin gadon na ce, "Maganar da na gaya maka a gona, don Allah ka yafe mani."

Ya ce, "Na yafe. Amma tambaya ce ka yi, bari in ba ka amsa, don ina ta juya ta a kwancen nan. Injin na mutuwa na san ƙasa ce kawai ta rage mani. Faƙon na zaɓa. Ina gangarowa na hango farar ƙwarya, sai na ga ƙwaryar na tafiya, ashe a kan wata yarinya take. Ba ni da ƙarar da zan kore su da ita. Na duba dama, itatuwa. Na duba hagu, gero. Na ce gero in ya faɗi, baɗi a shuka wani."

Na ce, "Wannan ba a shuka wani."

Na ba shi labarin irin, tun daga kakana har zuwa gindin tukunya. Fara'ar fuskarsa ta tafi. Ya ce, "Ashe ni ma na yi kisa."

"A'a. Kai kaɗan ka kwantar. Sauran ni na kashe shi da igiyata."

Ranar ce na fara faɗin haka da bakina. Daga nan ni na karɓi kai kwano har aka sallame shi.

Bayan an gama girbi, wata rana da hantsi ina zaure sai ga motar ofis ta tsaya a ƙofar gida. Ya fito yana dogara sanduna biyu, da rigar matashin kai ta asibiti a ƙulle a hannunsa.

"Ina bawan nan? Fito ka karɓi kayan ubangidanka, hannuna ya gaji."

Na shigar da shi, Inna ta fito suka gaisa. Ya ce gida zai wuce yau, amma jiya ya sa an kai shi rumfar da aka ajiye gawar jirgin, ya yi sallama da shi. Yana shafa fuffuken hagu sai ya ga wani gashi-gashi na leƙowa ta inda ya tsage. Ya sa makanikai suka buɗe.

Ya kwance ƙullin a kan tabarma. Zangarniyoyi ne, 'yan kaɗan, wasu a karye, amma sun bushe sarai, ƙwaya cike, gashinsu a tsaye. Lokacin da fuffuken ya tsage yana sharar gero, ya haɗiye su. A ciki suka zauna, ba ruwa, ba magani, ba tsuntsu, ba ƙafar 'yan kallo. Fuffuken da na yi kwana da kwanaki ina zaune a inuwarsa ina surutu, irin mahaifina na saman kaina.

Na kai hannu zan tattara, Inna ta riga ni. Ta ɗauko faifai ta murje su a hankali, ta hure, sannan ta kasa ƙwayar gida uku. Duk kashi ɗaya bai cika tafi ba.

"Inna, ɗan wannan za a raba?"

"Don ya yi kaɗan ne za a raba. Wannan naka. Wannan na ruga. Wannan na baƙo."

Matuƙin ya ce, "Inna, mu shinkafa muka sani. Ki haɗa nawa da na ruga. Bafillace ya fi Bakatsine riƙon amana." Ya ja sandunansa, na raka shi har mota. Daga ranar ban sake ganinsa ba.

Da damina ta zagayo na shuka nawa a gindin gawon nan. Ya fito, ya kai gwiwa, sai tsutsa ta shiga cikin karan, abin da ya tsira bai yi ƙwayar kirki ba. Na Bafulatanin kuwa, da ya jefa a makwancin shanu, ya tashi ya fi mutum tsawo. Da kaka na hau keke na tafi ruga, na yi sallama, muka gaisa, muka sake gaisawa, na tambayi shanu, na tambayi maruƙa, na rasa ta inda zan faro. Yana sane, ya bar ni ina ta kewaye.

Can ya ce, "Kaɗo, igiya ka kawo?"

"A'a. Roƙo na zo."

"Mai igiya da noma? Ku da za ku shuka yau, gobe ku ɗaure jirgi?"

Ya shiga bukka ya fito da dami guda, ya ɗaure mani a bayan keke da igiyar da ni na sayar mashi. Wadda ta riƙe keken yana ɗaurewa ita ce yarinyar nan mai farar ƙwarya.

Yau geron nan yana gonaki da yawa a bayan Ƙofar Kwaya, manoma na kiransa ɗan jirgi. A wasu wuraren ya gauraye, gashin ya ragu, ban kuma damu ba, don in ya ɓace a nan yana can. Duk wanda ya zo rumfata neman iri ba ya komawa hannu wofi. Inna ta daɗe da rasuwa, Bafulatanin ma ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa ke noma shi yanzu.

Abin da bai bar ni ba shi ne matuƙin. Na ji an ce ƙafar ba ta koma daidai ba, bai sake tashi sama ba. Mutum ya samu ɗan lokacin da bai kai na kurɓar ruwa ba, ya zaɓi ƙafarsa ta karye saboda yaran da bai sani ba. Ni na samu kwanaki cur, da lafiyata, da mai ba ni shawara a gefe, na zaɓi igiya. Idan yana raye, Allah ya sa wani ya karanta mashi wannan, ya san bawansa na Katsina ya samo kunyar, ko da a makare. Idan kuma ya rasu, Allah ya sa ya sauka a wuri mai laushi.